Auta da Ƙaton Babur

Duk layin sun san mai gyaran agogo da sanyin hali. Ɗan gajeren mutum ne mai furfura a gefen kai, wanda zai shafe rabin yini da madubi maƙale a ido yana lallaɓa ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Ko ƙofar shago ba ya bugawa da ƙarfi. Shi ya sa ranar da ya shigo layi a kan wani ƙaton babur baƙi, mai gilashi a gaba da akwatuna biyu a gefe, sai da tela maƙwabcinsa ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo.

"Maƙwabci, kai ka sayo shi, ko shi ya sayo ka?"

Mai agogo bai ji haushi ba. Ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla: injin ya kusa na ƙaramar mota, don doguwar tafiya aka ƙera shi, kuma ya fi sa'o'insa araha nesa ba kusa ba, domin ba a cika shi da ƙyale-ƙyale ba. Inji ne kawai, da birki mai kyau, da wurin zama mai laushi.

"To ina za ka da shi?" in ji tela.

"Gida," in ji mai agogo. Gidan kuwa daga bakin shago ana hango rufinsa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, idan ya hau, ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Sai ya zame gefe ya miƙe yatsu kafin ya ɗan taɓo kwalta. Don haka ya haddace garin ta wata sabuwar hanya: ya san duk inda dakali yake, da duk gefen titin da ke da ɗan tudu. In ya hango danja ta ba da ja, tun daga nesa yake rage gudu, yana jan jiki yana addu'ar ta canja kafin ya iso. Babur ɗin ma ba ya son cikin gari. Ga nauyi wajen juyawa, ga zafin inji yana gasa ƙwauri, ga gurnani ƙasa-ƙasa kamar wanda aka tasa daga barci aka hana shi magana. Matarsa ta zagaya shi sau ɗaya ta ce ita tana da 'ya'ya, Allah Ya ba da sa'a.

Amma babu wanda ya sa shi a gaba kamar yayarsa. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, doguwa sambal, ita ta goya shi, kuma har yau da furfurarsa Auta take ce masa.

"Auta, da tsani aka haɗo maka, ko shi daban ake saye?"

Wata safiya yana cikin buɗe bayan wani agogon bango sai ga ta a ƙofar shago, jaka a hannu, tana haki. Surukinta ne ya bugo waya: 'yarta ta fara naƙuda, haihuwar fari, a can garin da suke aiki. Motarta tana gareji an sauke inji. Ta je tasha ta tarar motar da ke lodi fasinja ɗaya ne a ciki, shi ma barci yake.

Ta tsaya ta ƙare wa babur ɗin kallo.

"Wannan abin naka yana tafiya, ko na ado ne?"

"Yana tafiya, Yaya," ya ce, ko da yake bai taɓa wuce giya ta uku ba.

Ya cusa jakar a akwati, ya miƙa mata hular kwano. Ta kifa ta a kan ɗankwali, ta tattare doguwar riga, dama da wando a ciki, ta ɗaga ƙafa ta haye kamar ta saba. Tela ya fito har bakin titi yana ɗaga musu almakashi.

Cikin gari kam ya sha magana. Ta ce mai keke ya wuce su. Ta ce da ƙafa ta taho da yanzu ta yi wa jariri wanka. Sai da gidaje suka ƙare, titi ya miƙe, sannan ya yi bismillah ya murɗa totur.

Gurnanin nan ya ɓace. Injin ya saki wata murya mai santsi, babur ya miƙe kamar dama abin da yake jira ke nan. Nauyin da ke wahalar da shi a layi ya zama abin da ya danne su a kan kwalta, ko girgiza babu. Gilashin gaba ya raba iska ta bi ta saman kansu. Ya sa ta huɗu, ya sa ta biyar, ya lalubo ta shida wadda bai taɓa gaisawa da ita ba. Suka cim ma wata tirela mai hayaƙi. Ya leƙa, hanya fes, ya ɗan ƙara murɗawa kaɗan, kafin ya gama tunani tirelar ta koma 'yar ƙarama a madubi.

Yaya ta damƙe masa haƙarƙari tana salati. Da suka shiga kwanar farko babur ya kwanta dama, ita ta kwanta hagu, har kan babur ɗin ya yi rawa.

"Yaya, ki bi jikina! Inda na kwanta ki kwanta!"

"Yau kuma kai ne mai ba da umarni?"

Amma ta bi. Kwana ta biyu suka shige ta tare, lafiya lau. Salatin ya ragu, riƙon ya yi sassauci. Can sai ya ji an ƙwanƙwasa masa hula.

"Auta! Iyakarsa ke nan?"

"Da saura, amma iyakar doka ke nan!"

Ta yi tsaki, irin na wadda aka ɗauke wa kwano ba ta ƙoshi ba.

Sun kusa isa suka tarar an sauke shingen jirgin ƙasa. Babu dakali, babu tudu, sai tsakuwa shimfiɗe, ga motoci gaba da baya. Ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har babu sauran abin ragewa.

"Yaya," ya ce da ƙaramar murya, "ƙafata ba ta kai ƙasa."

"Me ka ce?"

"Ba ta kai!"

Babur ya tsaya, ya fara karkata. Sai ga doguwar ƙafar Yaya ta sauka dam a kan tsakuwa, ta tokare su duka. Jirgin ya yi ta wucewa, tarago bayan tarago, ita kuwa dariya take har hular tana bugun tasa.

"Wato duk zagaye-zagayen nan da kake a gari, dakali kake nema?"

Ta share hawaye ta ƙasan hular, ta dafa kafaɗarsa.

"Riƙe kan da kyau, ni na riƙe ƙasan. Tun kana koyon tafiya nake wannan aikin."

Sun shiga asibitin ba a daɗe da haihuwa ba: mace ce, lafiyayya, mai ƙarfin murya. Yaya ta wanke hannu ta karɓe ta, ta duba cibiya, ta duba idanu, ta gyara wa ma'aikatan naɗin zani ba tare da an tambaye ta ba. Shi kuwa ya shigo a baya yana tafiya a wawware, cinyoyinsa sun sage.

Mai jego ta ɗago kai daga filo. "Kawu, da gaske a kan babur Mama ta zo?"

"Ni na kawo shi," in ji Yaya, ko kallonsa ba ta yi ba. "Zo ka ga jikarka, Auta. Zauna tukuna, kada ka yar min da ita."

Ya zauna, aka ɗora masa. Ya riƙe ta a hankali, kamar yadda yake lallaɓa agogo.

Washegari ya koma gida shi kaɗai, Yaya ta zauna jinyar mai jego. Bayan kwanaki yana shago waya ta yi ƙara, Yaya ce. Wai surukin ya ce zai maido ta a mota, mai sanyi da komai, ta ce masa ya zauna ya kula da iyalinsa.

"Ranar Asabar ka zo ka ɗauke ni," ta ce. "Kuma in wani ya tambaya, ka ce kai ka matsa."