Sil Ɗin Bayan Inji

Lurwanu makaniki ne da ba ya mantuwa, ko dai haka yake faɗa wa duk wanda ya zauna a garejinsa na Karaye. Ranar yana haɗa injin motar Ilu direba, har ya zo kan sil ɗin baya, zoben robar nan da ke tare baƙin mai. Ƙa'idarsa ɗaya ce: bakinsa ya kalli ciki. Ya shafa masa mai ke nan sai ga sallamar surukinsa, Malam Abdulmumini.

To wa ke gaida suruki da guduma a hannu? Ya ajiye komai ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi shanu. Sai can a ƙarshe tsohon ya kau da kai ya ce, "Yarinyar nan tun jiya ba ta jin daɗi. Mata sun ce sai asibiti."

Ramatu yake nufi, matar Lurwanu, da ke goyon cikin fari a Ruwan Bago. Da damina kuwa babu motar da ke shiga ƙauyensu sai ta Ilu.

Cikin gaggawa Lurwanu ya buga sil, ya ɗaura giyar motar, ya mai da inji. Bayan la'asar mota ta tashi da Malam a gaba. Kunyar suruki ta hana Lurwanu shiga, ya ce zai biyo su a babur.

Yana jan ƙofar gareji ya ga baƙin mai a inda motar ta tsaya. Ina bakin sil ɗin ya kalla? Ya tuna amsar Malam kan shanu tsaf, amma wannan ya ƙi zuwa. Ya kira Ilu, waya ba ta shiga.

Ya bi hanyar Rogo idonsa a ƙasa. Ɗigo, ɗigo, can kuma ya zama zare. Ko addu'a ta ƙi fita daidai.

Ya same su sun ɗauko Ramatu, sun baro ƙauyen da nisa, mota ta mutu tsakanin gonakin dawa. Ilu ya ce, "Inji ya buga." Mata sun kewaye bayan motar da zannuwa, kuma babu kukan jariri.

Inna Saude, uwar Ramatu, wadda ba ta taɓa kama sunansa ba, ta leƙo.

"Lurwanu, juyo da babur ɗin nan. Jinin ya ƙi tsayawa."