Tukunyar Gas da Ƙwai Bakwai

Ƙwai bakwai kacal suka rage daga kajin marigayiya. Wata biyu da rasuwarta cuta ta faɗa akurki ta yi musu ɗauki ɗai-ɗai, har da babbar kazar nan mai tukku, wadda ta mutu tana kwanci. Mijin marigayiya, tsohon direba, ya kwashe ƙwan da ɗuminsu ya sa a injin ƙyanƙyasa da ya aro. Mutumin da ya shekara arba'in bai san inda ake ajiye dusa a gidansa ba, sai ga shi yana ƙirga kwanaki kamar mai jiran haihuwa.

Ranar da ƙwan za su fashe, da hantsi, taransifomar unguwa ta yi ƙara, wuta ta ɗauke. Ya suri jarka ya zagaya gidajen mai uku, ko ɗigon fetur bai samu ba. Ya dawo ya tarar da Autarsa, wadda ke kawo masa abinci daga gidan mijinta, ta jawo ɗan ƙaramin janaretan da yake tafiya da shi zamanin yana bin doguwar hanya.

"Baba, ai tun bara maigidana ya sa masa na'urar gas," in ji ta. "Tukunya kawai za mu jona. Tamu wayam take, masu ɗurawa kuma sun rufe. Ta Mama ce ta rage."

"Ni fetur na sani," ya ce. "Abin da ido ba ya gani, ina za a amince da shi?"

"Ƙwan nan suna hucewa fa, Baba."

Maganar gaskiya, ba tsoron gas yake ba. Marigayiya da kanta ta je ta ɗuro tukunyar nan ana saura mako uku a kwantar da ita asibiti, kuma tun da ta tafi bai bari kowa ya kunna murhun ba. Kullum da safe yakan shiga kicin ya ɗan ɗaga tukunyar, ya ji nauyinta, ya ajiye. Muddin akwai nauyi, gani yake unguwa ta je, yanzu za ta dawo ta ɗora girki.

Ya leƙa injin. Ɗaya daga cikin ƙwan ya tsage, wani ɗan baki yana motsi a ciki. Ya shiga kicin ya rungumo tukunyar da kansa.

Suka ajiye janaretan a tsakar gida, nesa da taga saboda hayaƙi. Auta ta ɗaura tiyo, ta shafa ruwan sabulu a mahaɗar, ba kumfa, alamar gas ba ya yoyo. Ta buɗe kan tukunya, ya ja igiya sau biyu, janareta ya tashi. Fitilar injin ƙyanƙyasa ta kawo.

Ya jawo kujera ya zauna gadi. Jikin tukunyar ya yi sanyi ya fara gumi, iyakar gumin kuwa ita ce iyakar abin da ya rage a ciki. Ashe dai ido yana gani! Yana zaune yana kallon layin nan yana sauka sannu sannu, shi kuma ba shi da ikon tsayar da shi.

Da yamma lis janaretan ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya miƙa hannu ya ɗaga tukunyar, sai ta taso sakayau da hannu ɗaya. A nan ne kukan da bai yi ranar rasuwa ba ya ƙwace masa, ya yi shi sosai, ba kunya.

"Baba! Baba, zo ka gani!" Auta ta ƙwala daga ɗaki. "Biyar sun fito, ɗaya har da alamar tukku."

Ya shiga yana share ido da hannun riga. Ga su nan a jiƙe, suna tangaɗi suna tsiyau-tsiyau. Ya daɗe a durƙushe yana kallonsu, sannan ya ɗago.

"Auta, wai a ina mamanki take ajiye dusa?"