Faifan Monsieur Delorme

"Ba mu da abin da zai kunna wannan," in ji ma'aikacin gidan ƙona gawa. Ya miƙo mini faifan da yatsu biyu. "Kawo a filash. Ko a waya."

"Zaren kaset ne, irin na da. Babu shi a ko'ina sai nan."

"Minti talatin ake ba kowane mamaci, saurayi. Kun ci goma."

Shekara shida Monsieur Delorme yana saman ɗakina a Lyon. Fim ashirin da wani abu ya yi wa kiɗa, da na'urori masu wayoyi kamar hanjin rediyo. Silin ɗina ya sha gurnani. Sau uku ina hawa in yi masifa, sau uku yana zaunar da ni ya ba ni burodi da cuku.

Ranar Talatar ƙarshe na same shi a kujera, robar iska a hanci.

"Thibault, ɗan ƙorafi, buɗe durowar can." Na buɗe, ga faifan zaren a ciki. "Kiɗan ƙarshen wani fim ne. Darakta ya cire, wai yana hana mutane kuka. Jaki. Ba wanda ya taɓa ji. A sa mini ranar da za a gasa ni."

"Daina wannan maganar."

"Ka yi alkawari ko in ƙara murya."

Na yi. Ranar Alhamis ya rasu. 'Yarsa Solène ta zo daga Nantes, kafin Asabar dillali ya kwashe na'urorin duka, har da mai juya zaren. Ina wurin aiki. Ban yi tunanin tambaya ba.

Yanzu ga Solène a gefena a gidan ƙona gawar, ido jawur.

"Don Allah, Thibault, a sa ko mene ne."

"Wannan ya ce."

"Ya ce! Duk rayuwata yana cewa, ƙofa a rufe, kunne a toshe. Ka san yadda za a kunna shi?"

Ban sani ba.

Ma'aikacin ya latsa wani abu. Fiyano mai sanyi, wanda suke sa wa kowa. Mu bakwai ne a zaune. Labule ya rufe akwatin a hankali.

A bas na ɗora faifan a cinya. Na jawo bakin zaren, na ɗaga shi saitin taga. Ruwan ƙasa ne, sumul, ba a ganin komai a jikinsa.