Injin Madu Bayan Ambaliya

Madu Kolo bai taɓa zama makanike ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin awon filaye, hannunsa bai san baƙin mai ba sai da ya yi ritaya. A shekarar ne ya je gaisuwar mutuwa unguwar Bulumkutu, ya hangi wata 'yar mota a bayan gidan, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kan kujerunta. Motar tsere ce ƙirar Ingila ta 1971, kujera biyu, ba rufi, jan fentinta ya koma kalar bulo. Magada suka ce dama neman mai raba su da ita suke yi. Da igiya aka jawo masa ita har gidansa a unguwar Hausari.

Matarsa Kellu ta dubi motar, ta dube shi.

"Baban Imran, wannan gawar fa?"

"Tashi za ta yi."

"Allah ya nuna mana," in ji ta, ta koma kan girkinta.

Ya kafa rumfar kwano a tsakar gida, ya sauke injin, ya wargaza shi noti bayan noti. Malamansa su ne wani tsohon littafin motar da ya samu a ƙarƙashin kujera, da bidiyon waya, sai abokinsa Dzarma, mutumin Biu, wanda ya tsufa yana gyaran injinan jirgin ƙasa. Duk Asabar Dzarma zai hau keke daga Bulumkutu ya zo ya zauna a kan benci, yana shan shayi yana kushe aikin. Fistan daga Kano aka samo, ringi daga Legas, gasket kuwa, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo, Madu da hannunsa ya yanka. Kiranshaf, wato babban ƙarfen da fistan ke juyawa, sai da aka kai shi Kano aka gurje shi, masu aikin suka aiko da saƙo cewa wannan ce gurza ta ƙarshe da zai iya ɗauka.

A shekara ta uku da fara aikin, Madu ya lura yana yawan tuntuɓe da abin da ke gefensa na hagu. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagun ya riga ya tafi, na dama kuma za a iya riƙe shi in bai yi wasa da maganin ɗigawa ba, safe da yamma. Daga nan Madu ya ƙara sauri. Bai gaya wa kowa dalili ba, amma Kellu ta sani, Dzarma ma ya sani.

A watan Agustan 2024 ya ɗaure notin ƙarshe. Injin na kan tebur a rumfa, ya sha sabon fenti, saura a mayar da shi cikin mota. Suka sa ranar da za su yi hakan, in damina ta ɗan lafa.

Sai ruwa ya ci garin. Da gari ya waye ranar, ruwan ya kai gwiwa a tsakar gidansu, kafin hantsi ya kai ƙugu. Suka fita da kayan jikinsu, Kellu na riƙe da hannunsa na hagu, mutane na kururuwa ta ko'ina, awaki na iyo, wata mata ta ɗora tsohuwarta a kan ƙyauren ɗaki tana turawa. Sai da suka kai tudu, wata babbar mota ta kwashe su, sannan ya tuna kwalbar maganinsa na kan taga.

Gidan Dzarma suka sauka, don ruwan bai kai Bulumkutu ba. Matarsa Florence ta ba su ɗakinta. Dzarma ya zagaye duk shagon maganin da ƙafa za ta iya kaiwa, bai samu irin na Madu ba, manyan shagunan kuma duk suna cikin ruwa. Kwana goma sha tara Madu ya yi ba ɗigawa. Ranar da aka samo maganin, ganinsa ya riga ya tsuke, kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu. In ya dubi fuskar Kellu sai ya ga hanci da baki kawai, sai ya ɗaga kai kafin ya ga idanunta.

Da suka koma Hausari, katangar gabas ta faɗi. Laka ta shafe ɗakuna har tsayin ƙirji, katifu sun ruɓe, wari ya hana numfashi. A bakin ƙofa aka gaya musu cewa Audu mai niƙa, maƙwabcinsu na shekara ashirin, ba a gan shi ba tun ranar, kuma an daina nema. Kellu ta zauna a kan tubalin katangar tana kuka. Madu ya tsaya kusa da ita na ɗan lokaci, sannan ya laluba ya nufi rumfa.

Teburin ya kife. Injin na kwance a gefensa, rabinsa a cikin laka.

"Baban Imran," Kellu ta ce daga bayansa, "ba mu da wurin kwana. Audu ya mutu. Kai kuma ƙarfe ka fara dubawa?"

Ya durƙusa yana share laka daga jikin injin.

"Idonka ma bai ishe ka tunani ba?"

"Shi nake tunani," ya ce. "In na zauna, me zan yi? In jira duhu ya gama shigowa?"

Ta juya ta bar rumfar. Ba ta sake yi masa maganar ba, amma wata biyu ba ta taka rumfar ba, ko abinci sai dai ta ajiye masa a bakin ɗaki.

Bayan an tayar da katanga an wanke ɗakuna, ya sake wargaza injin. Laka ta shiga ko'ina, har cikin hanyoyin mai ƙanana da ko yatsa ba ya shiga. Ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya zura waya a ramukan, ya busa, ya sake wankewa. Yawancin aikin da yatsu yake yin sa yanzu. Dzarma ya ce masa ya bari ya haɗa masa cikin injin, tunda nan ne ba a son kuskure.

"A'a," in ji Madu. "Kai dai ka duba mini. In ka haɗa, naka ne."

"Madu, girman kai ne wannan."

"Na sani. Ka bar mini shi."

Haka suka yi ta yi, Madu na ɗaurawa, Dzarma na sunkuye yana dubawa, har cikin Fabrairu, lokacin da aka yi wa Dzarma rasuwa ya tafi Biu na mako biyu. Madu ya yi kwana huɗu yana jira. A safiya ta biyar ya farka ya ga bututun da yake gani ta ciki ya ƙara tsukewa, tsoro ya kama shi. Ya shiga rumfa ya jera metal, wato 'yan ƙarafan nan masu lanƙwasa da kiranshaf ke kwanciya a kansu, ya shafa musu mai, ya kwantar da kiranshaf, ya ɗaure. Ya juya da hannu, ya ji yana tafiya sumul. Kafin Dzarma ya dawo ya rufe ƙasan injin.

"Ka tabbata?" Dzarma ya tambaya.

"Juya ka ji."

Dzarma ya juya, ya ji ba tangarɗa, ya ƙyale.

Wata Asabar da hantsi, bayan an mayar da injin cikin mota, suka haɗa batir, Dzarma ya ɗiga fetur a kafireto, mashigar fetur ɗin injin. Madu ya shiga kujerar direba ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya mutu. Ya sake. A karo na huɗu ya kama, da wata irin ƙara mai kauri da ta girgiza kwanon rumfar, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Dzarma na ihu yana dukan jikin motar. Kellu ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya, sai ga ta tana dariya, ta matso har ta dafa kafaɗar mijinta. Madu ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana jin rawar injin na ratsa ƙasusuwansa, hawaye na zuba, bai share ba.

Bai fi minti shida ba aka fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasa. Ta ƙaru nan take.

"Kashe! Kashe!" Dzarma ya yi tsawa.

Madu ya kai hannu, ya kasa samun makullin. Yana ta lalube sai injin ya yi wata ƙara kamar an ja ƙarfe a kan siminti, ya tsaya da kansa.

Washegari bayan Dzarma ya taso daga coci ya zo, ya kwanta a ƙarƙashin motar ya buɗe. Ya daɗe yana dubawa.

"Lakar nan ce," ya ce daga baya. "Ta maƙale a wani wuri. Kowa ma zai iya rasa ta."

"Miƙo mini metal ɗin."

"Madu..."

"Miƙo mini. Na sama, na tsakiya."

Madu ya karɓa ya shafa da babban yatsa. Ƙarfen ya ƙone ya yi kaushi, amma ba wannan yake nema ba. Wanda ya kamata ya zauna a sama shi ne mai 'yar huda da mai ke bi ya sauka. Wannan ba shi da huda. Ya juya su ne, ya sa na ƙasa a sama, ya toshe wa injin hanyar mai da hannunsa.

"Kiranshaf fa?"

"Ya ci har ciki. Ba sauran abin gurzawa."

Madu ya ajiye ƙarfen a kan cinyarsa. Bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. Ya ce Kellu ta kawo wa baƙo ruwa.

Cikin wata guda hasken da ya rage masa ya zama hazo, yana bambance rana da inuwa kawai. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo sau biyu, Kellu ta kore su tun daga ƙofa. Dzarma ya ce ya ji labarin wani a Jos mai irin motar, ko za a tambaye shi kiranshaf. Madu ya ce a bari tukuna. Ya daina fita, ko sallah a ɗaki yake yi.

Wata Asabar ana kiran azahar, ya miƙe ya ce zai je masallaci, kuma kada a riƙe shi. Ya fita yana bin katanga da tafin hannu, Dzarma na biye da shi taku ɗaya a baya. A kwanar layi ya yi karo da keke da aka ajiye, ƙaurinsa ya fashe, jini ya ɓata masa wando. Dzarma ya miƙa hannu.

"Na ce kada ka riƙe ni. Gaya mini kawai."

"Matsa dama, taku biyu. Akwai kwata a gabanka, ka tsallaka."

Ya tsallaka. A ƙofar masallaci ya cire takalmansa, wani ya ja shi cikin sahu. Dzarma ya kwashe takalman don kada a tattake su, ya zauna a inuwar shagon tela yana jiran a idar.