Wa Ke Shan Madarar Abokina?

…farkon dai ya tafi. Na san akwai abin da ya taso ni daga kujera ya kawo ni kicin, na san mai muhimmanci ne, amma tsakanin falo da nan ya tsiyaye kamar hatsi a buhu mai huji. Ga ni tsaye, kofin shayi a hannun dama, hannun hagu babu komai. Ko da akwai wani abu a ciki? Yaron? A'a, yaron yana falo yana barci, ina jin minsharinsa. Ko nawa ne… a'a, ni a farke nake.

Uwar yara, da ke nake. Na san kin riga mu gidan gaskiya, wannan ban manta ba, kada ki damu. Ƙananan abubuwa ne suke guduwa: sunan maƙwabci, inda na ajiye tabarau, ko na yi sallama kafin in shigo.

Gwangwani! Shi ne ya kawo ni. Gwangwanin madarar Abokina.

Ba ki san Abokina ba. Jikanki ne, ɗan 'yar autarmu, wadda nake ce wa Mamana. Wata bakwai, haƙora biyu, kumatu kamar ya ɓoye wani abu a ciki. Kallonki yake da shi, irin wanda kike yi mini in na dawo kasuwa da littafi maimakon cefane.

Hutun haihuwar Mamana ne ya ƙare. Ta je gidan reno ta tambayo farashi — da murmushi matar wurin ta gaya mata, in ji ta, har da ruwan sanyi. Ta dawo ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba. In ta biya su, abin da zai rage a albashinta kuɗin mota ne. Kuɗin motar zuwa ina? Zuwa wurin aikin da za ta samo kuɗin biyan gidan reno. Na karanta littattafan masu hikima da yawa, ban taɓa ganin da'ira mai kyau irin wannan ba. Maciji ya haɗiye wutsiyarsa yana cewa ya ƙoshi.

Surukina, Injiniya, mutumin kirki ne, amma komai sai ya auna. Ya ce to ta zauna a gida mana, har yaron ya yi wayo. Mamana ta miƙe. Ta shiga banɗaki ta kunna famfo. Kunnena ya yi nauyi, amma na san kukan da ake kunna wa famfo… Yarinyar da ta ƙare ƙuruciyarta tana leƙen jini a madubin gwaji, har ta samu farar rigar nan ta ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Kin tuna ranar? Kin tuna, kina nan. Ke kika goge mata rigar.

Sai na ce, ni fa? Me nake yi in ban da gardama da rediyo?

Injiniya ya ce, Baba, jiya fa a firji muka samu tabaranka.

Na ce, ai an samu.

Aka ce a gwada wata guda. A gwada ni! Ni da na gwada ɗalibai har wasu suka yi furfura a hannuna. To, ramin ƙarya ƙurarre ne, na gaskiya kuwa… a'a, ba wannan karin maganar nake nema ba. Akwai wata. Za ta dawo.

Kuma ina yi, Uwar yara, wallahi ina yi. Na iya kunzugun nan na zamani mai manne-manne, sau ɗaya kawai na sa shi baibai. Na iya ɗiga madara a bayan hannu in ji zafinta. In ya yi rigima ina karanta masa tarihin masu kwafar littattafai na da, nan take yake barci, kamar ɗalibaina.

Amma gwangwani. Gwangwanin da ya kamata ya kai mako, ba ya ganin rabinsa. Kuma madarar jarirai ba madara ba ce, zinariya ce aka niƙa. Yau da safe Injiniya ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya ce yaron nan rijiya ce a cikinsa? Abin da muka tsere wa a gidan reno ga shi yana jiranmu a kanti. Mamana tana ɗaura agogo, ba ta ɗago ba, ta ce shugabarsu tana son amsa ƙarshen makon nan, za ta tsaya ko a ba wani gurbin. In haka za a ci gaba, Baba, wahalar banza nake yi. Ta sumbaci yaron ta fita, ta bar ni da ɓarawo a gida.

Don ɓarawo ne. Kuma wa ya fi ni iya kama shi? Shekara arba'in ina duban tsofaffin takardu, daga lanƙwasar harafi ɗaya in ce wannan hannun wane ne, kuma yana mura ranar da ya rubuta. A bi hujja. A bi ta a hankali.

Ɓera? Ɓera ba ya mayar da murfi.

Injiniya? Yana fita kafin kowa, kuma mutumin da yake auna man goge baki ba zai… a'a.

Maƙwabciya, matar mai gyaran agogo. Kullum sai ta leƙo da hantsi, wai aron ashana. Gidan da ke da murhun lantarki! Na san Mamana ce ta sa ta duba ko na bar yaron a firji. Amma iyakarta bakin ƙofa, kuma hannuwanta a waje suke, tana nuna mini yadda ake riƙe jariri. Ni da na haifi shida.

Na haifa… ke kika riƙe. Shida, Uwar yara. Ina ɗakin karatu, in dawo in same su a wanke, a ƙoshe, kamar haka ake haifarsu. Da a farashin matar nan mai ruwan sanyi za a biya ki, da gidan da littattafan da ni kaina duk an sayar, a bi mu saura. Ban taɓa tambaya ba. Ashe abin yana da farashi, sai da aka rasa mai yi kyauta aka…

Ina nake? Ɓarawo.

Ko ni ne nake mantawa in ba shi sau biyu? Na yi wannan tunanin, kada ki ce ban yi ba. Amma Abokina ba ya karɓar ƙari. In ya ƙoshi ya rufe baki kamar ofis ranar hutu, in na matsa ya mayar mini a gaban riga. Ga shaida nan a rigar, ta jiya, ta bushe. Shi ne ma yake riƙe mini lissafin. Tsakaninmu biyu ƙwaƙwalwa ɗaya cikakkiya muke da ita.

To wa? Bari in kurɓi shayi in yi tunani.

Kai, shayin nan! Kin san da kaina nake haɗawa yanzu? Ki yi dariya. Ni da ban san inda cokali yake kwana ba. Ke kika riƙa haɗa mini har Allah ya ɗauke ki, Mamana ta karɓa, yanzu ita ma sammako take yi, sai na ce wuyar aiki ba a fara ba. Yauwa, ita ce karin maganar da nake nema ɗazu! Ruwan zafi, ganye, madara. Kuma zamani ya ci gaba, yanzu har da ɗan cokali suke sakawa a cikin gwangwanin, mai zurfi, na roba, ba sai ka nema ba. Ƙarami ne dai, sai na zuba biyar, shida, kafin ya yi kauri. Ba ya ma buƙatar sukari. Da safe, da hantsi, bayan azahar, in yaron ya yi barci kuma in ƙara, don reno aiki ne mai cin jiki. Ga shi ya karɓe ni. Gwiwar nan ta daina ƙara. Wandon da kika ce ina iyo a ciki, shekaranjiya da ƙyar ya… matar mai agogo ma ta ce Malam ka yi kumatu, kai da jikanka kamar an tsaga…

Kumatu.

Tsaya.

Gwangwani nawa ne a kan kantar nan?

Ɗaya. Mai hoton saniya. Ai saniya ce, fara, a zaune. Saniya tana zama haka, da ƙafafu a miƙe? Tabarau, ina tabarau… a goshina. Tun yaushe? To. To.

Ba saniya ba ce. 'Yar tsana ce, mai kunnuwa zagaye, da jan ƙyalle a wuya. Tana murmushi. Ita ta sani tun farko.

Inna lillahi. Hannun wane ne wannan? Na gane lanƙwasar. Ga garin madara a bakin hannun rigata, ga shi a gemu.

Mako nawa ke nan ni da Abokina muna ci a akushi ɗaya, ni da babban hannu? Ba gidan reno ba, ba shugabarsu ba, ba Injiniya da awonsa ba. Ni ne nake shanye farar rigar 'yata, cokali shida-shida.

To shi ke nan, an kama shi, magana ta ƙare. In daina kawai. In yi shiru, gwangwani ya kai mako, Injiniya ya ce yaron ya shiryu, Mamana ta ce wa shugabarsu tana nan. Ba wanda zai sani. Don in na faɗa, me za su ji? Ba za su ji an samu ɓarawo ba. Za su ji tsohon da bai bambance saniya da 'yar tsana ba, shi aka bar wa jariri. Injiniya zai dubi Mamana kawai. Ta shiga banɗaki. Famfo.

Shiru ya fi. Daga gobe ba zan taɓa…

Gobe.

Gobe da safe zan shigo kicin ɗin nan, tabarau a goshi, in ga saniya. In ce kai, zamani ya ci gaba, har da cokali. Ni da na manta abin da ya kawo ni tsakanin falo da nan, wa zai kai mini wannan saƙon har gobe? Abokina bai fara magana ba. Ke kuma ba kya amsawa.

Takun takalmi a matakala. Nata ne, tana jan ƙafar hagu in ta gaji, kamar ke. Ga makulli. Yaron ya motsa, ya ji uwarsa. Kofin yana hannuna, rabi, da ɗumi. In zubar? Almubazzaranci, zinariya ce. In shanye? Hujja ce, ba a shanye hujja…

"Baba, sannu da gida. Ina abokin naka? Me kake yi a tsaye?"

Me nake yi a tsaye…

Abin da na ce mata, da abin da ta ce, sun bi farkon labarin, ban same su ba. Da safen nan dai ta fita da farar riga a hannu, kuma na ga an mayar da gwangwanin can saman kabad, inda sai da kujera. Na hau kujerar. Ba don komai ba, don bincike. Na sa gilashin da nake duban tsofaffin takardu na karanta jikinsa layi-layi, kuma wannan na tabbatar: an rubuta daga wata shida zuwa sama. Ba su sa iyaka ba.