Birkin Motar Mai Ƙwai

Motar ta girmi Mai Ƙwai da shekara biyu. A-kori-kura ce da mahaifinta ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaukar katako da ita. Da ya rasu, 'yan'uwa suka yi caa a kan gida da fili, ba wanda ya ko kalle ta. Ita ta ɗauka, ta sa aka tayar da injin, ta koyi tuƙi. Kullum da safe take loda kiret-kiret na ƙwai daga gonar kajinta, ta bi shaguna da gidajen burodi tana saukewa.

Injin lafiyarsa ƙalau, birki ne matsalar. Irin na da ne, mai ganga, wanda in ya ɗau zafi ko ya sha ruwa sai ya yi biris da mai taka shi. Wata safiya ta sauko gangaren gada da cikakken lodi, ta taka, motar ta ci gaba da sha'aninta har sai da ta dunguri bayan wata tifar yashi. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙwai ya yi ta zuba a titi kamar an ɓalle famfo. Ranar ta ce ya ishe ta haka: tayun gaba za su koma birkin faifai, irin na motocin zamani.

Ta fara da wani babban gareji mai ƙofar gilashi. Manajan ya fito da laktaye a wuya, ya zagaya motar yana tattare ƙafar wando kada ta goge shi.

"Hajiya, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta," in ji shi. "Amma in kin matsa, sai mu yi odar cikakken saiti daga waje. Wata uku."

Kuɗin da ya ambata zai sayi motar har da kajin. Ta dubi hannuwansa, fes, ko ɗigon baƙin mai babu, ta yi tsaki ta ja abarta.

A gida ta tarar da ƙanenta yana jiran abinci. Injiniya ake ce masa, don ya taɓa yin shekara ɗaya da rabi a makarantar koyon sana'a kafin ya gudu ya kama sayar da rigunan waya. Tun daga nan ba abin da bai sani ba.

"Yaya, ai da kin tambaye ni," ya ce, bakinsa cike. "Wannan aikin sai an yi lissafin matsin mai. Ba na 'yan bakin titi ba ne."

Wurin ɗan bakin titin kuwa ta nufa washegari. Baba Sufana tsohon makanike ne da ke aiki a wata rumfar kwano bayan kasuwa, shi ke duba motar tun zamanin mahaifinta. Ya saurare ta har ta gama, ya shiga ƙarƙashin motar da 'yar igiyar awo, ya fito yana karkaɗe riga.

"Odar me? Tashi mu je wurin 'yan gwangwan."

Sun yini suna tsallake gawarwakin motoci cikin rana. Can ƙuryar filin suka samu wata ƙaramar bas da ta ƙone ta baya, gabanta garau. Baba ya auna, ya sake aunawa, ya sa aka kwance faifai biyu da kalifa biyu, wato ƙarafan da ke cije faifan in an taka birki. Da ta ji abin da mai gwangwan ya nema, sai da ta sake tambaya, ta ɗauka kunnenta ne. Baba ya yanka kwali ya fitar da siffar maƙalin da zai riƙe kalifa, mai walda ya yanko masa irinsa a ƙarfe mai kauri. Cikin kwana biyu faifai sun zauna, an ja sabon tiyon mai. Saura ɗaura kalifa da fitar da iska, sai aka aiko wa Baba cewa yayarsa ta rasu. Ya rufe akwatin kayan aiki ya ce sai bayan kwana uku zai dawo.

Nan Injiniya ya samu ƙofa. Ya zo da sabuwar rigar aiki, ko ninkinta bai saki ba, ya jingina wayarsa a kan taya, wani mutum a ciki yana ta bayani.

"Yaya, abin da ya rage na yara ne. Minti talatin."

Ba don ta yarda da shi ta bari ba, masu burodi ne suka dame ta da kira. Ya ɗaura kalifofin, ya zuba man birki, ya ce ta shiga ta riƙa takawa. Ta taka, ya buɗe ɗan notin fitar da iska, ya rufe. Ta sake takawa. Tun hantsi har la'asar suna abu ɗaya, ƙafarta ta yi tsami, birkin kuwa kamar ana taka soso, yana nutsewa har ƙasa.

Injiniya ya miƙe yana share gumi da bayan hannu. "Na faɗa miki. Kayan bola kika kwaso. Tsohon nan ya cuce ki, ko lissafi bai yi ba."

Ta sauko, ta tattare zani ta tsuguna a gindin tayar. Ba ta san sunan rabin abin da take gani ba. Amma ta san bututun ruwan kajinta: duk ranar da iska ta shige shi, famfon da ya fi kowanne tsawo take buɗewa. Ɗan notin nan kuwa a ƙasan kalifa yake, yana kallon ƙasa. Ta zagaya ɗaya ɓangaren, haka.

"Injiniya," ta ce a hankali, "a makarantarku, iska a cikin mai sama take hawa ko ƙasa?"

"Sama mana. Wannan wace irin tambaya ce?"

"To ta ina za ta fita, ƙofarta tana ƙasa? Na dama ka sa a hagu, na hagu a dama."

Ya buɗe baki, ya dubi wayar, mutumin ciki bai taimake shi ba. Ya ce ai kamfanonin ma wani lokaci haka suke yi. Ta miƙa masa hannu, ya ba ta sufana. Ita ta kwance su da kanta, shi yana riƙe mata noti a tafin hannu. Da aka sauya, taku biyar iska ta fito tana tsartuwa, birki ya tsaya ƙyam kamar dutse.

Duk da haka ba ta hau titi ba sai da Baba ya dawo. Ya bi kowane noti ya ƙara ɗaurewa, ya samu biyu da Injiniya ya bari sako-sako, ya ɗaga kai ya dube shi tun daga takalmi har hula.

"Rigar ta yi maka kyau," ya ce.

Suka fita gwaji, Baba a gefe. Ta taka a tsakiyar layi, motar ta tsaya cak, har tsohon ya dafe gilashi yana dariya.

Kafin mako ya zagayo, labari ya iso mata cewa Injiniya yana gaya wa abokansa a shago yadda ya tsara wa yayarsa birkin zamani da kayan banza. Ba ta ƙaryata shi ba. Ranar Asabar ya zo yana sosa ƙeya, wai matarsa ta sayi firji, yana son aron mota.

"Makullina ba ya barin hannuna," ta ce. "Zan kai ku."

Matarsa ta zauna a gaba, suna ta hira. Shi kuwa a baya aka sa shi, tsaye, rungume da firji, ƙamshin kaji yana dukan hancinsa. Duk mahaɗar da ta tsaya sai ta ji goshinsa ya bugi rufin, tana kallonsa ta madubi yana ɗaga wa mutanen unguwa hannu.