Bindigar Bahago

Osvaldo na cikin goge bakin wata bindiga da magagari wata mata ta shigo shagon, ta tura ƙofa da hannun hagu. Abin da ya fara gani ke nan. Shekara arba'in da bakwai yana ƙera bindigogi a garin Gardone na ƙasar Italiya, ya saba duban hannun mutum kafin fuskarsa.

"Baba, sunana Nives, 'yar sanda ce ni. An ce kai kaɗai ka taɓa ƙera ƙaramar bindiga ta bahagwai a kwarin nan. Nawa za ta ci?"

"Kina da mota?"

"Wata tsohuwa."

"To ki sayar da ita, ki haɗa da ta mijinki." Ya aje magagarin. "Ba juya abu ɗaya ake yi ba, 'yata. Makulli, ƙofar da kwanso ke fita, komai sai an yanka sabo da hannu. Wata tara."

Ta yi dariya, ta shafa wani ɗan tabo a kumatunta, inda kwanson harsashi mai zafi ya taɓa ƙona ta. "Shi ke nan. Sai in ci gaba da lallaɓa ta kowa."

Haka Tullio ya ce wa Osvaldo, a nan inda take tsaye. Ɗansa guda ɗaya, bahago, mai gadin motar banki. Ya roƙe shi ya ƙera masa wadda ta dace da hannunsa, shi kuwa ya ce ɓata ƙarfe ne da lokaci, ya saba da ta kowa mana. Sai da matarsa ta yi wata biyu ba ta dafa masa polenta, tuwon masararsu, ba sannan ya fara aikin, yana jingina zanen bindiga gaban madubi yana kwafa. Saura mako uku ya gama 'yan fashi suka tare motar. An sami Tullio da bindiga a hannun hagu, makullinta a rufe. Babban yatsansa bai kai gare shi ba.

Duk da haka ya ƙarasa ta. Madubin kuma bai sake kallonsa ba, yana can ya juya wa bango fuska.

"Tsaya," ya ce.

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya warware tsumma mai maiƙo. Shekara goma sha ɗaya babu hannun da ya taɓa ta sai nasa.

"Babu harsashi. Ɗauka ki buɗe, da sauri, kamar mutum na gabanki. In ta zauna miki, taki ce kyauta."

Nives ta ɗauka, hannun ya zauna daram. Ta ɗaga ta, sai yatsanta ya zagaya ɗaya gefen yana lalube inda babu komai. Ta sake gwadawa. Ta kuma sakewa.

"Shekara sha biyar ina hora hannun nan da ta dama," ta ce a hankali. "Ranar da zan buƙace ta, can zai nufa. Wannan kashe ni za ta yi, Baba."

Ta miƙa masa da hannu biyu, ta yi godiya, ta fita.

Osvaldo ya naɗe ta cikin tsummanta ya mayar. Karo na biyu ke nan tana makara.